Ta yaya zan tabbatar kwafin ajiyar sabar ɗinmu yana da kyau?

Tambaya: Ni ke kula da kwamfutocin wata ƙungiyar ajiya da bashi a nan Maraɗi. Sabar biyu gare mu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayananmu, suna aiki a kan faifai ɗaya mai tsarin GFS2 (tsarin fayiloli da ke barin sabar da yawa su yi aiki a kan faifai ɗaya), manhajar Pacemaker na lura da su, in ɗaya ta tsaya ɗayar ta ɗauki aikin. Kowane dare ana kwafin ajiya, saƙo ya zo cewa an gama lafiya. Hakan ya wadatar?

Amsa: Malam, bai wadatar ba. Saƙon nan yana nuna cewa manhajar ta kammala aikinta ne kurum. Rumbun gero ma a rufe yana da kyan gani, sai an buɗe ake sanin ko ƙwari sun riga mai shi. Sabar ta biyu kuwa ba ajiya ba ce: faifan ɗaya ne, in ma'aikaci ya goge fayil ko bayanai suka lalace, duka biyun za su ga ɓarnar nan take.

Fara da lokacin kwafin. Sabar biyu suna rubutu a wuri ɗaya, don haka kwafin da aka ɗauka ana cikin rubutu yana iya fitowa rabi tsoho rabi sabo. A ɗauka daga sabar guda, a dakatar da rubutu na ƴan daƙiƙu da umarnin fsfreeze, a ɗauki hoton faifan, wato kwafinsa yadda yake a daidai wannan lokacin, sannan a bar rubutu ya ci gaba. In akwai PostgreSQL a ciki, wato manhajar rumbun bayanai, kada ka kwafi fayilolinsa kai tsaye da hannu. Yi amfani da umarnin pg_basebackup wajen kwafin, ka duba shi da pg_verifybackup, wanda ya zo da siga ta 13 ta PostgreSQL a 2020.

Sai babban aikin, wato maido da kwafin. Nemi wata kwamfuta wadda ba ta cikin gungun sabar biyun, ka zuba shi a kanta. Kafin ka ɗora, wato ka buɗe faifan kwafin don a ga fayilolinsa, gudanar da umarnin fsck.gfs2 -n, wanda ke dubawa ba tare da ya taɓa komai ba. Sannan ka ɗora da lockproto=lock_nolock, zaɓin da ke nuna kwamfuta ɗaya ce kaɗai ke aiki da faifan, tunda babu abokiyar aiki a wurin. Don Allah ka kiyaye: wannan zaɓin a kan kwafi kaɗai ake yinsa. In aka yi shi a kan faifan da sabar biyu ke amfani da shi, kowace za ta rubuta ba tare da sanin ɗayar ba, bayanai su dagule.

Kwatanta fayilolin kwafin da na asali da umarnin sha256sum, ka duba izinin fayilolin da masu mallakarsu, domin su ne ake yawan mantawa. Daga nan ka kira mai lissafinku ya buɗe asusun mutum biyu ko uku, ya ga ko kuɗin sun yi daidai da littafi. Ni dai wannan gwajin na fi yarda da shi.

Rubuta awa nawa maidowar ta ci, shugabanninku su sani tun yanzu. Ka riƙa yin haka duk wata, da duk lokacin da wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafi. Kwafi ɗaya kuma ya kwana a wani gini, ko a reshenku na Tasawa ko Damagaram in kuna da shi.