Ga mai tambaya a kan Lost: kada ka tsaya a zango na uku

Assalamu alaikum. Ɗan uwa, tun da safe na ga tambayarka, na wuce, na sake dawowa, don na kasa barinta. Ka ce ka kai kashi na 9 a zango na uku na Lost, fim ɗin Amurka mai dogon zango a kan mutanen da jirgin samansu ya faɗo a wani tsibiri, labarin ya fara yi maka nauyi, sai ga wani ya rubuta maka cewa kada ka ƙara ƙona datarka, wai duk mutanen sun mutu tun ranar da jirgin ya faɗo, ƙarshen kuma shirme ne. Shi ne kake tambaya ka ci gaba ko ka goge. Ka ci gaba. Abin da ya faɗa maka ba gaskiya ba ne, kuma raina ya ɓaci ƙwarai a madadinka, domin wannan maganar dai, ba ragi ba ƙari, ita aka taɓa jefa min.

Ni lokacin faifai muke saye, irin wanda ake cusa zango guda a ciki, hoton ya dusashe, rubutun da ke ƙasa wani lokaci ya riga baki wani lokaci ya makara. Ina kan kashi na ƙarshe na zango na uku, an ɗauke wuta, na ta da ƙaramin janareto saboda shi kawai, da man da na matse kuɗin abincin rana na saya. Sai wani abokin yayana ya ɗaga labule. Ko zama bai yi ba, makullin babur a hannunsa yana kaɗawa. Ya dubi talabijin ya ce, "Au, wannan kake kallo? Ai duk fatalwowi ne, tun a jirgin suka mutu." Ya tambayi ina Yaya, ya ɗauki ledar ruwa ɗaya a kan tebur ya fasa da haƙori, ya saki labule ya fice yana dariya. Na zauna da rimot a hannu, fim na tafiya, ban san me ake cewa ba. Da ka san abin da ke faruwa a wannan kashin da ka gane girman abin da ya yi min, amma ba zan faɗa ba, kana dab da isa wurin.

Ban daina kallo ba, sai dai na ci gaba da matacciyar zuciya. Duk wanda ya shiga haɗari sai in ce a raina, to me, ai matacce ne. Duk wanda ya yi kuka sai in ji babu abin da ya taɓa ni. Kashi na 5 a zango na huɗu, wanda ake kira The Constant, wanda masu kallo da yawa ke cewa duk fim ɗin babu kamarsa, akwai wata waya da aka buga a ƙarshensa da ke sa manya zubar da hawaye. Ni haka na kalle ta ido a bushe, ina lissafin cewa gawa ce ke kiran gawa. Daga baya na maimaita shi, na gane kyansa, amma kallon farko ba ya dawowa. Wannan shi ne abin da bawan Allahn nan ya ƙwace min, kuma har yau idan na tuna sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa sai bayan na gama. Na kai ƙarshe na tarar ba haka ba ne ko kusa. Muka haɗu a wurin ɗaurin aure, na ja shi gefe cikin girmamawa, tunda ya girme ni, na ce Yaya wane, wai a wane kashi ka ga sun mutu tun farko? Sai kame-kame. Na ambaci Desmond, ɗaya daga cikin mutanen fim ɗin, bai san shi ba. Na ambaci Ben, ya ce wane ne kuma haka. Ashe ko zangon farko bai ƙarasa ba, a majalisa ya ji wani ya faɗa, ya ɗauko ya zo ya sauke min a ka. Da na nuna masa ban ji daɗi ba sai cewa ya yi, "To ai fim ne, mene ne na ɗaukar zafi?" Wannan maganar ta fi ta farko ciwo. Na san fim ne. Amma dare nawa na raba a kansa, kuɗin faifai, kuɗin mai, da yadda mutanen nan suka zauna min a rai, duk bai ga komai ba. Ko haƙuri bai ba ni ba. Irinsu suna nan da yawa, har a cikinmu nan, ba su kalla ba amma sun fi kowa baki, burinsu kawai a ce sun riga ka sani. Ina kyautata zaton wanda ya rubuta maka ma idan ka tambaye shi sunan mutum biyar a zango na biyar ba zai kawo ba.

Ƙaryar tana da asali. Ranar 23 ga Mayu 2010 da tashar ABC ta haska kashi na ƙarshe a Amurka, bayan labari ya ƙare, lokacin da sunaye ke wucewa, sai aka nuno tarkacen jirgin a bakin teku babu kowa a wurin. Mutane suka ce shi ke nan, ashe babu wanda ya tsira. Tashar da kanta ta fito ta yi bayani cewa ita ta sa hotunan don mai kallo ya ɗan nutsu kafin a shiga labarai, ba sa cikin labarin. Kuma a cikin kashin ma akwai wanda ya faɗa da bakinsa cewa duk abin da ya faru ya faru da gaske. Akwai wani ɓangare a zango na shida da ke rikita mutane, gaskiya ne, daga nan ma wasu suka ɓace. Iyakar abin da zan ce ke nan a kai. Jirgin Oceanic 815 ya faɗo, sun rayu, tsibirin gaskiya ne a labarin, lambobin nan 4, 8, 15, 16, 23, 42 da maɓallin da ake dannawa duk minti 108 ba mafarkin kowa ba ne.

Nauyin da kake ji kuma ba kai kaɗai ba ne, ka faɗo ne daidai wuri mafi taushi a fim ɗin gaba ɗaya. Kashi shida na farkon zangon nan, Jack da Kate da Sawyer a tsare, ana ta fasa duwatsu, labari ya ƙi gaba. Waɗanda suka kalla a 2006 sun fi mu shan wuya, don bayan kashi na 6 a watan Nuwamba aka tafi hutu sai Fabrairun 2007. Shi kuwa na 9 da ka tsaya a kai, na zanen jikin Jack a Tailan, kusan kowa ya yarda yana cikin mafi rauni. Dalili shi ne marubutan, Damon Lindelof da Carlton Cuse, ba su san yaushe za a bar su su rufe labarin ba. Fim na kawo kuɗi, tasha ba ta son ya ƙare, su kuma tarihin mutanen da suke komawa baya suna nunawa ya kusa ƙarewa, sai jan ƙafa. Mu ma ai mun san wannan ciwon a namu masu dogon zango, inda za a yi kashi uku ana sallama da gaisuwa a falo. A watan Mayun 2007 aka yi yarjejeniya cewa saura zango uku a rufe a 2010, daga nan tafiyar ta canza. Zangon farko kashi 25 ne, na biyu 24, na uku 23, amma na huɗu 14 kacal, yajin aikin marubuta na 2007 zuwa 2008 ma ya ƙara rage shi, na biyar 17, na shida 18. Gaba ɗaya 121. Ka ga ka kusa rabi, kuma rabin da ya rage shi ne mai gudu.

Ka daure zuwa kashi na 13, na Locke, za ka samu amsar da kake jira tun zangon farko. Nikki da Paulo da aka cuso mana, idan suna ba ka haushi, haka suka ba kowa, marubutan sun ji koken masu kallo, ka jira na 14. Na 20 na Ben ne. Wanda ya fito a Ben ɗin fa, Michael Emerson, kashi uku kawai aka ɗauke shi ya yi, iya wasansa ya sa aka riƙe shi, har ya ci kyautar Emmy a 2009. Daga na 20 zuwa ƙarshen zangon ka nemi daren da babu mai damunka, ka kulle ƙofa, ka kife wayarka.

Ni abin da har yanzu ban huce ba a zangon nan shi ne Mista Eko, tunda ka wuce wurin zan iya magana. Wanda ya fito a Eko, Adewale Akinnuoye-Agbaje, haifaffen Landan ne, iyayensa 'yan Najeriya, kuma shi ya nemi a sallame shi daga fim ɗin, shi ya sa aka yanke labarinsa haka. Na so mutumin nan, da sandarsa mai rubuce-rubuce, da ƙarancin maganarsa. Na ji zafin yadda aka nuna Najeriya, ba komai sai 'yan bindiga da safarar ƙwaya, kuma kowa ya gani ya san ba ƙasarmu ba ce, a Hawaii aka ɗauka kamar kusan duk sauran fim ɗin. Duk da haka kashi na 10 a zango na biyu, shi da ƙaninsa Yemi, yana cikin waɗanda nake komawa.

Ba zan rufe ka ba, ƙarshen ba tsarkakakke ba ne. Akwai tambayoyin da aka bari a buɗe, maganar Walt ba a yi mata adalci ba, farkon zango na shida yana da nasa jan ƙafar, kashi na 15 kuma har gobe ana faɗa a kansa. Idan kana jiran a zaunar da kai a yi maka bayanin kowane abu ɗaya bayan ɗaya, za ka tashi da saura. Fim ɗin a ƙarshe ya zaɓi mutanen a kan asiran tsibirin, ni kuma mutanen na biyo, shi ya sa ya gamsar da ni duk da halin da na kalle shi. Akwai kuma tunani a wajen ƙarshe da bai yi daidai da aƙidarmu ba, ka ɗauke shi a ƙagaggen labarin waɗanda suka rubuta, kada ya dame ka. Mai yiwuwa ka gama ka ce bai yi maka ba. Wannan haƙƙinka ne, in ka zo nan ka faɗa zan saurare ka da kyau, don ka gani da idonka.

Don Allah kada ka rubuta sunan kowa daga cikinsu a Google ko YouTube, kafin ka gama rubutawa zai cike maka da abin da ya same shi. Kada ka buɗe sharhin mutane a Facebook ko TikTok. Makin da ake ba kowane kashi a shafin finafinai na IMDb ma ka bar shi sai ka gama, don idan ka ga an ba kashi ƙaramin maki da ƙiyayya za ka shige shi. Kada ka tsallake ko ɗaya, har wanda ake zagi. Masu kula da wannan zaure kuma ina roƙonku, a sa doka: duk mai son faɗin ƙarshen fim ya rubuta gargaɗi a sama, wanda ya ƙi a goge. Mun sha faɗa ba a ɗauka ba, ga shi yau an yi wa wani.

Na ga wasu a ƙasa suna ce maka ka bar shi ka koma 1899. Fim ne mai kyau, amma ka sani kashi 8 ne kawai, ya fito a Nuwamban 2022, a Janairun 2023 aka sanar Netflix ba za ta ci gaba da shi ba. Ya tsaya ne daidai inda labari ya buɗe, wannan shi ne ainihin fim marar ƙarshe, kuma ya yi min ciwo sosai. Idan irin wannan kake so, Dark na Jamus, na mutanen da suka yi 1899 ɗin, ya fi, kashi 26 daga 2017 zuwa 2020, an rufe shi tsaf. Sai dai yana son takarda da biro don riƙe dangantaka, kada ka haɗa shi da Lost a lokaci ɗaya.

Idan a shago ake tura maka, ka duba zango na shida kafin ka biya. Wani wurin za ka ga bai kai 18 ba saboda an haɗe masu kashi biyu, wannan ba matsala. Amma na ƙarshen ya kamata ya kai kusan awa ɗaya da minti 45, in ka ga minti arba'in da wani abu to rabi aka ba ka, ka nemi ɗayan. Ka kuma tambaya ko suna da The New Man in Charge, ɗan gajere ne na minti 12 da ya fito a faifan zango na shida a 2010, yana amsa maganar farin beyar nan da abincin da ake jefowa daga sama. Yawancin shaguna ba sa sa shi sai ka ambata, kuma sai bayan ka gama duka za ka kalle shi.