Tambaya da Amsa: R ya ce babu majinyacin da ya zo da dare

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin ƙididdiga nan Kaduna, ina furojet ɗina na ƙarshe da bayanan wani asibiti a Tudun Wada masu nuna ƙarfe nawa kowane majinyaci ya iso. Ina son ware waɗanda suka zo daga 22:00 zuwa 06:00 amma da na tace a manhajar ƙididdiga ta R sai ya ce babu ko mutum ɗaya, kuma wai 9:05 ya fi 10:30. Don Allah a taimaka, kaina ya kulle.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Matsala biyu ce ta haɗe miki.

Ta farko, R ya ɗauki lokutanki a matsayin rubutu, shi ya sa yake gwada su harafi da harafi, ya ga 9 ya ga 1, shikenan ya yanke hukunci tun kafin ya kai ga sauran. Ki sauko da kunshin hms ki yi amfani da parse_hm ki juya layin lokutan, zai riƙe kowane lokaci a matsayin adadin daƙiƙoƙi tun daga tsakar dare, kinga 9:05 ya koma lamba, 10:30 ma lamba, sai gwajin ya tafi daidai. Ni dai ba na son a yi wannan da as.POSIXct in ba ki da kwanan wata, domin zai liƙa miki ranar yau da kansa, in kika sake buɗe aikin gobe ranar ta canza.

Ta biyun ita ce wadda ta fi kama ɗalibai, kuma wallahi ina so ki tsaya ki gane ta da kyau. Kin ce wa kwamfuta ta kawo wanda lokacinsa ya wuce 22:00 KUMA bai kai 06:00 ba. To ɗauki matar da aka kawo tana naƙuda ƙarfe 23:40, ta wuce 22:00 amma 23:40 ai ba ya ƙasa da 06:00, ta faɗi. Ɗauki yaron da aka kawo da zazzaɓi 02:15, yana ƙasa da 06:00 amma bai kai 22:00 ba, shi ma ya faɗi, babu wanda zai cika sharuɗɗan biyu lokaci guda tunda agogo yana komawa sifili da tsakar dare. KO ake sa wa, wato alamar | a madadin &:

lokaci >= parse_hm("22:00") | lokaci < parse_hm("06:00")

Ki lura na sa >= a farko da < kawai a ƙarshe, saboda kar wanda ya zo 06:00 cif ya shiga lissafin dare ya kuma shiga na safe.

In daga Excel kika ɗauko bayanan da kunshin readxl kika ga 1899-12-31 a gaban kowane lokaci, kar ki tsorata, Excel yana ajiye lokaci ne a matsayin kason yini, 0.5 shi ne sha biyun rana, as_hms zai cire miki ranar.

Sai ki tambayi wanda ya ba ki bayanan ko da agogon UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, na'urarsu ta rubuta. Najeriya tana gaban UTC da awa ɗaya, in haka ne ki mayar da su lokacin Najeriya, wato Africa/Lagos, tukuna kafin ki tace, in ba haka ba wanda ya zo 22:30 zai fito miki a 21:30 ya fice daga lissafin dare. Da kin gama ki zaɓi layi kamar goma ki duba su da idonki kafin ki kai wa malaminki. Allah ya ba da sa'a.