Dogon hutu ya matso, ina zan sami wurin koyon bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina aji uku a jami'a, ina karantar ilimin halittu. Nakan ga tallan shirye-shiryen bincike na ƙasashen waje da ake yi daga Yuni zuwa Agusta. Ta ina zan fara? Daga ɗalibarki a Kabuga, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Fara da sanin wanda ba naki ba. Shirin REU na Amurka, na koyon bincike ga ɗaliban digirin farko, wanda hukumar kimiyya ta NSF ke ɗaukar nauyinsa, na 'yan ƙasar ne da masu takardar zaman dindindin, don haka kada ki ƙarar da datarki a kansa. Masu karɓar ɗalibai daga ko'ina sun haɗa da jami'ar EPFL da ke Lausanne a ƙasar Switzerland, mai shirin mako 8, da jami'ar KAUST ta Saudiyya kusa da Jidda. Ita EPFL tun cikin hunturu take rufe karɓar takardu, wanda ya tuna da ita a watan Yuni sai dai baɗi.

Amma ga inda 'ya'yanmu ke faɗuwa. Duk irin waɗannan wurare suna neman wasiƙar shaida daga malamin da ya ga aikin hannunki. Ɗalibi yakan zo mini da maki mai kyau, in tambaye shi me ya taɓa aunawa da kansa, ya yi shiru. Me zan rubuta masa?

Shi ya sa nake so wannan daminar ki yi ta a gida. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, tana da reshe a nan Kano, inda aka daɗe ana binciken wake, ga ofishin ICRISAT masu aikin dawa, gero da gyaɗa, ga kuma Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero. Da damina hannu suke buƙata: ƙirga wuta-wuta a layin shuka, tsinto tsutsar da ke huda kwanson wake, auna tsayin shuka mako-mako. Kada ki raina wannan. Da irin wannan ƙidayar aka gwada waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, wanda cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, Zariya, ta fitar a 2019. In kuma sauro ne ya fi jan hankalinki, kududdufan Kano cike suke da 'ya'yansa a watan Agusta, sai ki nemi malamin ƙwari a sashenku.

Ki je da ƙafarki, da takardar gabatarwa daga shugaban sashe, ki faɗi abu guda da kike son koya. In lokacin SIWES ɗinku, wato zangon da ake tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, ya zo daidai, ki roƙi a tura ki can maimakon ofishin da za ki yini a zaune. Ki riƙe littafi kina rubuta aikin kowace rana da kwanan wata. Watan Nuwamba na kamawa, ki ɗauki littafin ki kai wa wanda ya kula da ke, ki nemi wasiƙar.