Kan maganar la'ada da ka tambaye ni

Ɗana Habibu, saƙonka ya iso. Ka ce tunda gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa, kowa da wayarsa da asusun banki, me ya sa sai ka sauke albasarka ta hannun mai gida, wato mai sauke fatake yana tsaya musu a ciniki, a kasuwar Mile 12 ta Legas, har ka biya la'ada? Ka tambayi wanda ya gani da idonsa, sai ka saurara.

Ina Agege lokacin da Janar Babangida ya kawo SAP, wato shirin gyaran tattalin arziki, a 1986. A shekarar aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, su gyaɗa da auduga da koko, aka soke lasin shigo da kaya, aka saki naira. Da kusan kunnen doki take da dala, kafin shekara ta fita dala ɗaya ta haura naira uku. Masu koko sun ji daɗi, farashi ya tashi. Masaƙun Kaduna kuwa a hankali suka durƙushe, ga tsadar kayan gyara, ga rashin wuta, ga atamfar waje ta cika kasuwa. Wasu 'yan acaɓan da ka tarar a nan 'ya'yan ma'aikatansu ne.

Ba zan ce duk sharri ba ne. Wayar da kake taƙama da ita, buɗe ƙofar da aka yi wa kamfanonin waya a 2001 ne ya kawo ta. Kafin nan wasiƙa muke ba direban mota ya kai Kano. Amma an sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, har yau janareta ne ke raba mu da duhu, kuma ka ga yadda litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 da aka cire tallafi a 2023.

To, goron da ya kawo iyayenmu Agege da Shagamu, babu hukumar da ta taɓa yanka masa farashi. Kasuwa ce sakakkiya tun fil azal, amma ba ta taɓa zama babu mai gida ba. Fatake su sauka gidansa, ya ba su tabarma da tuwo, ya ajiye musu kuɗi. Shi zai kwance huhu, ya ɗaga ganye, ya duba ko tsutsa ta shiga. In aka ba Bayarabiya kaya bashi, wuyansa ne a ciki; ta gudu, shi zai biya. La'adar da kake jin zafinta kuɗin wannan tsayuwar ce.

Bara wani yaro daga Aliero ya ce shi ba ya bukatar kowa. Ya sayar da buhu arba'in ta waya, aka nuna masa alat, mota ta tashi. Alat ɗin na bogi ne. Na same shi zaune kan buhun da babu komai ciki, ko ruwa ya kasa sha. Mu muka haɗa masa kuɗin mota, don babu wanda ya san mai sayen, balle a kai ƙara gaban Sarkin Hausawa.

Akwai masu gida azzalumai, masu ɓoye ainihin ciniki, wannan ban musa maka ba. In naka haka yake, ka tsaya a gabanka a yi cinikin, ka rubuta, in ya ƙi ka canja shi. Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci in haɗa ka da wani da na yi shekara talatin ina hulɗa da shi. Ka gaida mahaifiyarka.