Filin Tambayoyin Masu Karatu: Juya Jimlar Turanci Ba Tare da Ma'ana Ta Zube Ba

Daga wani ɗalibi a Gadarif, ƙasar Sudan: Assalamu alaikum, Malam. Ina ajin ƙarshe na sakandare, ina shirin zana jarrabawar Shahada. A gida Hausa muke yi, a kasuwa da makaranta Larabci, Turanci kuwa sai a cikin aji. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne inda ake ba da jimla a ce a sake rubuta ta a fara da wata kalma, musamman abin da ustazunmu yake kira mabni lil majhul, wato jimlar da ake farawa da abin da aka yi wa aikin. Na haddace jadawalinsa kaf, amma da na shiga jarrabawa sai ya cakuɗe mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Jadawalin ba shi da laifi, sai dai ka haddace siffar jimla tun kafin ka tambayi kanka abin da jimlar take faɗa. Mai tsara irin wannan tambaya yana so ne ya ga ko ɗalibi zai iya sauya wa magana riga, alhali abin da ya faru da lokacin da ya faru suna nan yadda suke. Wannan aiki kuwa ka iya shi tun kafin ka shiga makarantar allo. Idan kaka ta yi a Gadarif, wani ya ce "Manoma sun yanke riɗi", wani kuma ya ce "An yanke riɗi", ai ba ka ruɗewa, domin ka san na biyun ya kau da kai daga masu aikin ya fuskanci abin da aka yi wa aikin.

To, Hausa ta ba ka ma'anar, Larabci kuma zai ba ka ginin. A Hausa karɓau, wato abin da aka yi wa aikin, ba ya barin wurinsa, shi ya sa muke cewa "sun kama shi" mu kuma ce "an kama shi". A nahawun Larabci kuwa, idan aka cire fa'ili, wato mai aikin, maf'uli, wato karɓau, shi ne yake hawa kujerarsa ya zama na'ibul fa'ili ya karɓi rufu'a. Turanci ma haka yake yi: *They caught him* tana komawa *He was caught*, wato *him* ta zo gaba ta zama *he*. Bayan karɓau ya zo gaba, sai a kawo *be*, a bi ta da siffa ta uku ta aikatau, irin *caught* a wannan misali. Saboda haka *The farmers harvested the sesame* ta zama *The sesame was harvested by the farmers*.

Inda jadawalinka yake cakuɗewa shi ne lokaci, maganinsa kuma guda ne: siffa ta uku ba ta motsawa ko kaɗan, *be* ce take ɗaukar lokacin da ke jikin jimlar farko. Idan aikatau na asali shuɗaɗɗe ne, *was* ko *were* za ka sa. Idan ana cikin yin aikin, sai *is being*. Idan za a yi, *will be*. Idan jimlar ta zo da *have* ko *has*, sai ka ƙara *been*. Sa'an nan ka duba adadin abin da ka kawo gaba, domin buhu ɗaya *was loaded* ne, buhuna kuwa *were loaded*. Abin da ya cancanci hadda da gaske shi ne siffa ta uku ta aikatau masu bauɗewa, irin su *write, wrote, written* da *take, took, taken*, gara kuma ka fara da guda 50 da ka fi cin karo da su ka riƙe su da kyau, da ka bi jerin duka ka manta rabi.

Game da *by*, Hausa ba ta ambaton mai aikin a jimlar da ta fara da "an", tsohon nahawun Larabci ma bai saba da haka ba, ko da yake jaridun zamani suna yawan rubuta "min ƙibali", wato "daga wajen wane". Turanci ya yarda a ambace shi idan saninsa zai ƙara wani abu. Idan mai aikin *someone* ne ko *people* ko *they*, ka yar da shi. *Sennar Dam was completed in 1925* cikakkiyar jimla ce, domin magana ake yi a kan madatsar ruwan Sinnar da shekarar da aka gama ta.

Akwai rami guda da Bahaushe ya fi kowa faɗawa, kuma "an" ce take haƙa shi. Mu muna cewa "an zo", "an tafi", "an yi haɗari", alhali waɗannan aikatau a Turanci ba su da karɓau, ba su kuma juyuwa. Daga nan ake samun *An accident was happened* da *He was died*, Larabci kuma ya ƙara wa wutar itace da kalmar "tuwuffiya", wato "ya rasu", wadda gininta na majhul ne. Ka gwada da tarihin kakanninmu: *Sultan Attahiru died at Burmi in 1903* daidai ce, *Sultan Attahiru was killed at Burmi in 1903* ma daidai ce, saboda kisa yana faɗawa a kan wani, mutuwa kuwa ba ta da wanda ake yi wa ita. Kafin ka juya kowace jimla, ka tambayi aikatau: wa aka yi wa, ko me aka yi wa? Idan babu amsa, ka bar ta yadda take.

Daga wata malama a Kasala: Malam, ina koyar da yaran da yaƙi ya koro zuwa garinmu tun daga Afrilun 2023, da yawansu sun daɗe ba su shiga aji ba. Duk lokacin da na ce su mayar da jimla tambaya ko su kore ta, sai su rubuta *Did he went?* ko *She not like tea*. Ta ina zan kamo bakin zaren?

Amsa: Malama, Allah Ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Kuskuren yaran yana da dalili mai kyau, domin a harsunan da suka sani tambaya ba ta taɓa jikin aikatau. Bahaushe yana ɗaga murya ko ya sa "shin" a gaba ko "ko" a baya, Balarabe ya sa "hal", jimla kuma ta zauna yadda take. Yaron da ya rubuta *Did he went?* ya ɗauki *did* a matsayin "shin", ya manna ta a gaban *he went*, a ganinsa ya gama aiki.

Abin da za ki nuna musu shi ne *do* 'yar dako ce, idan ta zo sai aikatau ya sauke mata kayansa. A jimlar *He went*, shuɗewar lokaci tana jikin *went*. Da *did* ta shigo ta ɗauke ta, sai aikatau ya koma *go*. Haka harafin *s* na *She likes tea* yake tashi ya koma jikin *does*, a sami *Does she like tea?* da *She does not like tea*. Kaya ɗaya ne, ba a kuma ɗora shi a kai biyu. A nan Hausa za ta taimake ki fiye da yadda ake zato, saboda mu ma ba aikatau ne yake riƙe lokaci ba: a "ya tafi", "zai tafi" da "bai tafi ba", ƙaramar kalmar da ke gabansa ce take sauyawa. Ki rubuta "bai tafi ba" a allo, ki rubuta *he did not go* a ƙarƙashinta, za ki ga idanunsu sun buɗe.

Sai dai kada ki bar su su riƙa kiran 'yar dako inda ba a bukatarta. Jimlar da take da *is, are, was, were* ko *can, will, must* da 'yan'uwansu, wannan kalma ce da kanta take tsallakowa gaba a tambaya, ita ce kuma take karɓar *not*. Shawarata ita ce kada ki haɗa musu nau'in biyu a rana ɗaya. Ki ba su jimla biyar kacal a kan rayuwarsu, su faɗi kowacce da baki ta fuska uku, tabbatarwa da korewa da tambaya, kafin su taɓa alƙalami.

Daga wani magidanci a Mai Wurno: Wani ya ce mini yawan Hausa a gida ne yake hana 'ya'yana iya Ingilishi. Ko in hana su?

Amsa: Alhaji, kada ka hana su. Dattawan da muke ji suna zuba Turanci kamar ruwa ba barin harshen gida ne ya ba su ba. Sun yi karatu ne a zamanin da ake koyar da darussan sakandare da Turanci, kafin a mayar da su Larabci a shekarun 1960, jami'o'i kuma suka biyo baya a 1990. Yawan awannin da suka yi suna ji suna rubutawa ne ya bambanta su da yaran yau. Ban da haka, jerin kalmomin Hausa, wato aikau sai aikatau sai karɓau, shi ne na Turanci, alhali jimlar Larabci ta fusha sau da yawa da aikatau take farawa.

Ga misali guda da zai nuna maka. Masu jarrabawa suna son su ba da *The Nile is longer than the Niger*, su ce a fara da *The Niger*. Yaron da ya san cewa "Nilu ya fi Kwara tsawo" daidai take da "Kwara bai kai Nilu tsawo ba" ya riga ya sami amsa, saura kawai ya san cewa "bai kai ba" ita ce *not as long as*. Wanda ya haddace ƙa'ida ba tare da wannan fahimta ba shi ne yake musanya sunayen ya bar *longer than*, ya mayar da Kwara kogin da ya fi tsawo.

Daga wani ma'aikaci a Bur Sudan: Malam, ina aiki a tashar jiragen ruwa, kuma akan sa ni in rubuta wa shugabanmu abin da direbobi ko ma'aikatan jirgi suka faɗa. Yakan gyara mini *will* zuwa *would*, ban kuma san dalili ba.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan babi ne da Hausa ta koya maka rabinsa ta bar rabi. Idan direba ya ce "Zan kawo kayana gobe", kai za ka ce "Ya ce zai kawo kayansa gobe", wato ka sauya wakilin suna ba tare da an koya maka ba, amma lokacin aikatau bai motsa ba. Turanci yana sauya duka biyun. Matuƙar kalmar da ta buɗe rahoton shuɗaɗɗiya ce, kamar *said* ko *told*, abin da ke bayanta yakan ja da baya taki ɗaya: *will* ta koma *would*, *can* ta koma *could*, *is* ta koma *was*, *has arrived* ta koma *had arrived*. Saboda haka *I will bring the goods tomorrow* ta zama *He said that he would bring the goods the next day*.

Ka lura da *tomorrow*. Idan a ranar da direban ya yi magana kake rubuta rahoton, goben tana nan gobe, ba ka da dalilin taɓa ta. Idan kwana uku sun wuce, goben direba ba ita ce taka ba, dole ka rubuta *the next day*, kamar yadda mai ba da labari yake cewa "washegari". Haka ma maganar da har yanzu gaskiya ce, Turawa da kansu sukan bar ta a lokacinta, irin *He said the road is closed* idan hanyar tana rufe har lokacin rubutun. Amma a takardar jarrabawa, da kuma wurin shugaba mai jan alƙalami irin naka, ja da bayan ya fi zama lafiya.

Abu biyu kuma za ka kiyaye. *Told* tana bukatar wanda aka faɗa wa kai tsaye, *said* kuwa ba ta ɗaukarsa sai da *to*, don haka *He told me* daidai ce, *He said me* kuskure ce. Na biyu, tambaya idan ta shiga rahoto ta daina zama tambaya, jerin kalmominta ya koma na bayani, 'yar dako *do* ta tafi, alamar tambaya ma ta faɗi. *Where do you park the lorry?* tana komawa *He asked me where I parked the lorry*. Tambayar da amsarta i ko a'a ce ana shigo da ita da *if* ko *whether*, kuma wannan ita ce "ko" ɗinmu ta "Ya tambaye ni ko jirgin ya iso": *He asked me if the ship had arrived*. Ka ɗauki maganganu uku da ka ji a bakin aiki yau, ka rubuta kowacce sau biyu, ɗaya kamar yau kake kai rahoton, ɗaya kamar bayan mako guda, ka aiko mana mu duba su a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.