Tambayoyinku: Na'urar sikanin da ake haɗawa da waya za ta iya aikin bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai digiri na biyu a Zariya. Na ga ana sayar da kan na'urar sikanin da ake haɗawa da waya. Zan iya amfani da shi wajen nazarin gudun jini a ƙwaƙwalwar ɓera?

Amsa: Wa'alaikumus salam. A'a, ɗan'uwa, kuɗinka za su tafi a banza. Irin su Butterfly iQ da Philips Lumify suna da amfani sosai a gefen gadon majinyaci, wajen duba juna biyu ko ruwa a ciki ko bugun zuciya. Amma abin da suke turo wa wayarka hoto ne da aka riga aka sarrafa, su kuwa masu bincike ɗanyen bayani suke nema, wato amsa-kuwwar da kowace ƙwayar kan na'urar ta ji (ƙwayoyin su ne ƙananan sassan da ke harba sauti suna sauraren dawowarsa), kafin kwamfuta ta taɓa ta.

Bari in kawo lissafin, don nan ne bambancin yake. Sauti na tafiya a naman jiki da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa. Idan zurfin da ake dubawa santimita 15 ne, zuwa da dawowa na cin kusan kashi 1 cikin 5,000 na daƙiƙa. Na'urar asibiti ta gargajiya tana harba sautin layi bayan layi. In layukan 128 ne, hoto kusan 40 kawai za ta samu a daƙiƙa. Sabuwar dabara, wadda masana irin su Mathias Fink da Mickael Tanter suka bunƙasa a birnin Faris, ita ce a harba sautin a shimfiɗe gaba ɗaya, dukkan ƙwayoyin su saurara, kwamfuta ta gina hoton daga baya. Harbi ɗaya, hoto ɗaya, ke nan har 5,000 a daƙiƙa. Hoton harbi ɗaya dishi-dishi yake, saboda haka ana karkata harbin ta kusurwoyi da yawa a haɗa su. Da wannan saurin ne a 2011 aka fara nuna yadda jini ke ƙaruwa a sashen ƙwaƙwalwar ɓera da ke aiki.

Ka tanadi kwamfuta mai ƙarfi. Ƙwaya 128, kowace da samfuri 2,000 na bayit 2, sun kai kusan rabin megabayit a harbi ɗaya. Harbi 1,000 a daƙiƙa, rabin gigabayit ke nan kowace daƙiƙa. Kebul ɗin yawancin wayoyi ba zai ɗauki wannan ba. Ɗakunan bincike kan yi amfani da na'ura irin ta kamfanin Verasonics, mai bayar da ɗanyen bayanin, da kwamfuta mai katin GPU, wato katin da ke hanzarta lissafin hotuna. Shi kuma ƙashin kai yana shanye sauti yana karkatar da shi, shi ya sa a babban ɓera ake kankare ƙashin ko a buɗe taga.

Tambaya: Malam, an gano mahaifina na da ciwon hanta nau'in B, likita ya ce a yi masa FibroScan. Mene ne bambancinsa da sikanin da muka saba?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Sikanin da aka saba yana nuna siffar hanta, wannan kuwa taurinta yake aunawa. Kan na'urar yana ɗan bugun fata tsakanin haƙarƙarin dama, girgizar ta ratsa hanta, sai sautin sikanin ya bi ta yana auna gudunta. Hanta mai laushi, girgizar na tafiya a hankali, kamar mita 1.3 a daƙiƙa, wato kusan kilofaskal 5 (kilofaskal shi ne ma'aunin taurin). In tabo ya yi yawa sai ta yi sauri, mita 2 a daƙiƙa ya kai kilofaskal 12. A ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 kan wannan ciwo, sama da 7 alama ce ta tabo mai yawa, sama da 12.5 kuma ana zargin hantar ta ƙanƙance.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda lambar ke ruɗar mutane. Kada Baba ya ci komai na awa 3 kafin awon, domin abinci na ƙara jinin da ke shiga hanta, lambar ta hau. Zai kwanta rigingine, ya ɗaga hannun dama bayan kai don haƙarƙari su buɗe. A takardar sakamako ki duba abu biyu: an yi awo mai kyau sau 10, kuma tazarar da ke tsakanin awon ba ta wuce kashi 30 cikin 100 na lambar sakamakon ba. Kumburin hanta mai tsanani, toshewar hanyar ɗaci da ciwon zuciya duk suna ɗaga lambar ko babu tabo. In akwai ruwa a ciki awon ba ya yiwuwa, mai jiki kuma akwai kan na'ura na musamman dominsa. Likitansa ne zai haɗa lambar da gwajin jini ya yanke shawara.

Tambaya: Na ji ana yi wa mutum allurar kumfa kafin sikanin. Iska a jijiya ba haɗari ba ce?

Amsa: Tambayarka na kan hanya, sai dai wannan kumfar daban ce, ana yin ta ne don jini ya fito fili a hoton. Girman kowace ƙwaya 'yan maikiron ne (maikiron kashi 1 cikin 1,000 na milimita ne), ba ta kai jar ƙwayar jini ba galibi, cike take da iskar gas a cikin ɓawon maiƙo, kamar ta allurar da ake kira SonoVue. Cikin 'yan mintoci gas ɗin ke fita ta huhu. Ana dai tanadin magani a kusa saboda ɗaiɗaikun mutanen da jikinsu ba ya karɓar ta. Wani kuskure da ake yi shi ne barin ƙarfin sautin a sama, nan take kumfar ta fashe. A saukar da ma'aunin MI, wato na ƙarfin sautin, zuwa wajen 0.1.

A bincike kuwa abin ya yi nisa. Sikanin ba ya rarrabe abubuwa biyu da suka fi kusan rabin zangon sautinsa kusanci. Amma in kumfar ta yi ƙaranci har kowace ta bayyana ita kaɗai, kwamfuta na iya gano tsakiyarta daidai, ta bi sawunta cikin dubban hotuna. Da haka a 2015 aka zana jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓera har zuwa kusan maikiron 10. Matsalar ita ce motsi: numfashi ɗaya ya isa ya gurɓata taswirar, kumfa kuma in ta yi yawa sai sawun ya cakuɗe.

Tambaya: Da gaske ana haɗa hasken leza da sikanin?

Amsa: Ƙwarai. Ana harba gajeren hasken leza, jini ya shanye shi ya ɗan ɗumama ya kumbura, kumburin ya haifar da sautin da kan na'urar zai ji. Da launin haske biyu, misali masu zangon nanomita 750 da 850, ake gane jinin da ke ɗauke da iskar oksijin da wanda ba shi da ita, abin da masu nazarin ciwon daji ke buƙata. Iyakarsa 'yan santimita, kuma baƙar fata na shanye wani kaso na hasken, don haka duk mai aiki da mutanenmu ya gwada saitinsa a kan irin fatarmu kafin ya amince da lambobin.