Amsa: Da satar sigina Giants suka kamo Dodgers a 1951?

Malam, ka tambaya ko maguɗi ne ya kai ƙungiyar New York Giants ga kambun National League, gasar ƙwallon baseball ta Amurka, a 1951. Satar sigina kam sun yi ta, amma ba ita kaɗai ta kai su ba. A filinsu na Polo Grounds sun ajiye mutum da madubin hangen nesa yana leƙen siginar da mai cafe ƙwallo na abokan hamayya ke yi wa mai jifansu da yatsu, sai ya danna ƙararrawa a sanar da mai bugu irin jifan da ke tafe. Sai a 2001 wasu tsofaffin 'yan wasan suka fito suka amsa hakan.

To amma duba lissafin. A tsakiyar Agusta Brooklyn Dodgers sun ba su ratar wasa 13, sai Giants suka ci 16 a jere, suka ƙare da cin 37 cikin wasa 44 na ƙarshe, kuma da yawansu a filayen wasu aka buga, inda babu madubin. Masu jifansu ne suka riƙe su, Sal Maglie da Larry Jansen kowanne ya ci wasa 23. A iya kallon da na yi wa wannan wasa, ko an raɗa maka jifan da ke zuwa, saita sanda a kansa wani aiki ne daban. Shi Bobby Thomson na Giants, wanda ya buga ƙwallon Ralph Branca, mai jifan Dodgers, ta tsallake katangar fili a wasan raba gardama na ƙarshe ran 3 ga Oktoba, Giants suka ci 5 da 4 suka ɗauki kambun, har ya mutu yana cewa bai karɓi sigina a kan wannan jifan ba. Ni dai ban cika gaskata shi ba.